Baƙon Da Daji Ya Koro: Ladabin Muridi Ga Naman Dajin Da Ya Shigo Gari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin da ke ciyar da tsutsa a cikin dutse, Yake shayar da barewa a inda babu rijiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda aka aiko domin jin ƙai ga talikai baki ɗaya, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa ahbabu, akwai wata hayaniya da duk wanda ya tashi a Gesheme ko Tibiri ko Dogon Dutsi ya san ta. Ita ce wadda ke tashi idan wani naman daji ya faɗo cikin gari: mujiya ta faɗo daga rufin aji, ko bushiya ta maƙale a ramin bulo, ko guza ya shiga bayan rumbu. Kafin ka ce kwabo yara sun taru da duwatsu da danƙo, manya na tsaye suna kallo, cikinsu har da wanda bai daɗe da tashi daga wazifa ba, carbi na hannunsa. Abin da nake so mu yi nazari a kai shi ne wannan ɗan lokaci da ke tsakanin ihun farko da jifan farko. Me shari'a ta ce a yi a cikinsa, kuma me tarbiyya ke nema daga muridi?

Me ya koro shi?

Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Naman daji ba ya son warin mutum, ba ya son hayaƙi da haushin karnuka. Idan ka gan shi a tsakar gida, to abin da ya baro a baya ya fi ƙarfinsa.

A lokacin samun 'yancin kai, shekarar 1960, mutanen Nijar ba su fi miliyan 3 da 'yan kai ba. Ƙidayar 2012 ta samu sama da miliyan 17, yau kuma mun haura miliyan 25. Kowane baki yana son hatsi, kowace tukunya tana son itace. Gonaki sun haɗe da gonaki, saurar da kakanninmu ke bari ta huta shekaru an daina barin ta, fadamun Dallol Mawri sun zama lambuna masu shinge. Babu laifi a noma, neman halal ne. Sai dai mu san cewa ramin bushiya da sheƙar tsuntsu suna cikin abin da garma da gatari suka share. Ga ƙishirwar bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, tabkuna su ƙafe, ruwan da ya rage sai na bakin rijiya da famfo. Ga guguwar farkon damina da ke kakkaɓo 'ya'yan tsuntsaye daga bishiya. Saboda haka mafi yawan abin da muke kira kutse, gudun hijira ne. Mu muka fara shiga gidansu.

Matsayinsu a wurin Allah

Aya ta 38 a Suratul An'am ta sanar da mu cewa masu tafiya a ƙasa da masu tashi da fikafikai al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. Aya ta 44 a Suratul Isra'i ta ce babu abin da ba ya tasbihi, mu ne dai ba mu fahimta. Aya ta 41 a Suratun Nur ta ambaci tsuntsaye musamman, ta nuna kowanne ya san sallarsa da tasbihinsa. Ga mai zikiri, wannan magana ce mai nauyi. Kai da kake ƙirga hailala da carbi safe da yamma, idan ka kashe tsuntsu a banza ka yanke wani zikiri ne da ke gudana tun kafin ka farka, kuma ba ka da ikon mayar da shi.

Sunna ta fayyace abin dalla-dalla. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare, Allah Ya gafarta masa. Da sahabbai suka yi mamaki, Annabi (SAW) ya sanar da su cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai. Sun kuma ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Wani zai ce ai kare da kyanwa na gida ne. To ga na daji: Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu (RA) cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana shawagi tana kaɗa fikafikai. Da Annabi (SAW) ya iso ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umarni a mayar mata da 'ya'yanta. Shugaban halitta, yana tsakiyar tafiya da jama'arsa, ya tsaya don damuwar uwar tsuntsu. Haka kuma Abdullahi ɗan Umar (RA) ya wuce wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa. Da suka hango shi suka watse, ya gaya musu Annabi (SAW) ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Duk uban da ya ga danƙo a wuyan ɗansa ya tuna da wannan.

Mujiya da camfi

Babu wanda ya sha jifa a garuruwanmu kamar mujiya, har ta zama abin misali: idan aka tsani mutum sai a ce an mayar da shi mujiya. Ana cewa tsuntsuwar mayu ce, kukanta a kan gida mutuwa ne. Larabawan jahiliyya ma sun yi irin wannan camfi da ita, kuma a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Annabi (SAW) ya kore camfi da tsuntsaye, ya ambaci na mujiya da sunansa. Ajali yana hannun Allah. Muridin da ke faɗin babu mai yi sai Allah, sannan kukan tsuntsu ya sa shi ɗaukar sanda, ya koma ya duba tauhidinsa.

Me ya kawo ta rufin masallaci da na makaranta? Manyan itatuwa masu kogo sun ƙare, ɓeraye kuma suna inda rumbu yake. Mujiya da 'ya'yanta suna cin ɗaruruwan ɓeraye a shekara. Ma'ana, mai gadin rumbunka ne da ba ya neman lada, kai kuma ka biya shi da dutse.

Angulu da kwaɗayi

A tambayi dattawan Arewa yadda mahauta take a ranar kasuwa shekaru talatin da suka wuce. Angulaye ne jere a kan rumfuna da bishiyoyi, suna kwashe jini da tumbi da mushe kafin su yi wari. Yau yaro zai iya girma a garuruwa da dama bai ga angulu ko sau ɗaya ba. A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN, mai bin diddigin halittun da ke ƙarewa a duniya, ta sanya wannan angulu ta cikin gari a sahun waɗanda ke dab da ɓacewa. Babban dalili a Afirka ta Yamma shi ne cinikin kawunansu da sassan jikinsu don asiri da neman sa'a. A Gine Bisau, a 2020, an samu gawar angulu sama da 2,000 da aka kashe da guba, da yawa an yanke musu kai.

Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani mai magani ya tambayi Annabi (SAW) game da kwaɗo da yake so ya sa a magani, sai ya hana shi kashe shi. Idan an hana kashe kwaɗo don maganin ciwo, ina ga kashe angulu don laya? Kuma asarar a kanmu take komawa. A Indiya, cikin shekarun 1990, wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya hallaka sama da kashi 90 cikin 100 na wasu jinsunan angulu. Mushe ya taru, karnukan da ba su da mai su suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Angulu ba ta jewar banza, in ji Hausawa. Allah ma bai halicce ta a banza ba. Idan ka samu angulu ta raunana a bayan gari, wani ya ce zai saya, ka sani kuɗin da zai ba ka kuɗin kanta ne.

Shamuwa: shaidar cewa mun iya

Kada wani ya ce wannan ɗabi'a baƙuwa ce a wurinmu. Kowace shekara, gab da damina, shamuwa na tasowa daga kudancin Afirka ta sauka a tsakiyar garuruwanmu, ta yi sheƙa a kan tsamiya da kuka, wani lokaci a bishiyar ƙofar gidan mai gari. Tana ɓata ƙasa da kashi, tana hayaniya, amma ba a jifan ta. Ana murna da zuwanta don alama ce ruwa ya kusa, manomi kuma ya san tana cin fara da tsutsa. Yaron da ya ɗauki dutse, tsohuwa ce za ta fara tsawata masa. To abin da ake nema shi ne mu faɗaɗa wannan alfarma. Wanda Ya halicci shamuwa Shi Ya halicci mujiya. Kyan baƙo ko muninsa ba shi ke ba shi haƙƙin baƙunta ba.

A birnin Fas, inda Shehu Ahmadu Tijjani (RTA) ya rasu a 1815 kuma yake kwance, akwai tsohon asibitin Sidi Faraj da sarakunan Banu Marin suka gina. Masu tarihi sun kawo cewa cikin wakafinsa akwai kason jinyar tsuntsaye dangin shamuwa, waɗanda suka karye ko suka yi rashin lafiya. Musulmi ne suka tsayar da dukiya don ɗaurin ƙafar tsuntsu, suna neman yardar Allah da ita, ɗaruruwan shekaru kafin a ji sunan wata ƙungiyar kare dabbobi.

Raƙuman dawa na jihar Doso

Ga wani misali da ke kusa da mu. Duk wanda ya je Maulidi Kiyota, ko ɗalibi irina da ke bin hanyar Doso zuwa Yamai, ya ratsa ƙasar raƙuman dawa, tsakanin Kure da Dallol Boso. Su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma. A da suna yawo daga Senegal har tafkin Cadi. Farauta da fari da saran daji suka cinye su, har a 1996 abin da ya rage bai kai 50 cikakku ba. Ba a cikin shinge suke ba. Suna bin gonaki, suna cin ganyen gawo a bakin ƙauyuka, suna tsallaka kwalta, suna kuma yi wa manoma ɓarnar wake da mangwaro.

Hukuma ta tsananta hana kashe su, ƙungiyoyi suka taimaka wa ƙauyukan da rijiyoyi da ƙananan basussuka, amma nauyin gaske yana kan talakan da ya wayi gari ya ga an cinye masa wake ya haƙura. Cikin kusan shekara 20 adadinsu ya haura 600, har a Nuwamban 2018 aka ɗauki 8 aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda suka daɗe da ɓacewa. Wannan ya nuna haƙurin mutanen ƙauye na iya dawo da al'umma guda daga bakin kabari. Ya kuma nuna jin ƙan dabba yana tafiya ne da jin ƙan manomin da ta yi wa ɓarna. Wanda ke kuka don raƙumin dawa, ba ruwansa da mai gonar, rabin rahama gare shi.

Iyakar da shari'a ta sa

Addini bai ce ka bar abin da zai kashe ɗanka ba. Hadisi ya halatta kashe masu cutarwa irin su kunama da ɓera da kare mai cizo. Kububuwa da gamsheƙa da kasa suna kashe mutane a karkararmu kowace damina. Idan maciji mai dafi ya shiga ɗakin yara, ran ɗan Adam ne a gaba. Wanda aka sara kuma a garzaya da shi asibiti, kada a ɓata lokaci wurin tsaga da tsotsa. Duk da haka, Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda muke karantawa a zaurukanmu, ta kawo cewa macizan gidajen Madina ana yi musu gargaɗi sau uku kafin a kashe, kuma yin haka a wani gari abu ne mai kyau. Ta kuma bayyana cewa farauta don abinci halal ce, don wasa kuwa makaruhi ce. Maharbin da ya yi bisimilla ya harbi zomo don tukunyar gidansa daban yake da taron da ke jan guza da igiya ana shewa. Inda kisa ya zama dole, Annabi (SAW) ya yi umarni a kyautata shi: a gaggauta, ban da azabtarwa, ban da ƙonawa da wuta.

Abin yi idan baƙon ya iso

Na farko, ka tsayar da jifa. Kalma ɗaya daga babba tana isa, kuma sau da yawa ceton ke nan gaba ɗaya: a janye yara da karnuka, a buɗe masa hanya, zai fita da kansa, musamman in dare ya yi.

Na biyu, ɗan tsuntsun da ya faɗo, in ka ga sheƙar ka mayar da shi. Taɓawar hannunka ba ta sa uwa ta ƙi shi. In ya riga ya yi gashi, ka ɗora shi a reshe inda kyanwa ba ta kai ba, iyayensa na kusa. Wanda ya ji rauni a lulluɓe shi da zane, a kula da faratan mujiya da shaho, a sa shi cikin kwali mai huji a inuwa, wuri marar hayaniya. Kada a ɗura masa ruwa a baki, yana iya shaƙewa. A ajiye masa a ƙaramin kasko.

Na uku, bushiya ko kurege da ya faɗa rami, a jingina masa itace ya hau. Ramukan bulo da tsofaffin rijiyoyi a rufe su, wannan kariya ce ga yaranmu ma. Jemage da biri da dila kada a taɓa su da hannu tsirara, domin cizonsu na iya ɗauke da ciwon haukan kare. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu sosai ya tafi likita.

Na huɗu, babbar dabba ko wadda ba ka san kanta ba, a sanar da mai gari da jami'an gandun daji. Dokar ƙasa mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ita ke tsara farauta da kare namun daji, kuma raƙumin dawa na cikin waɗanda ta hana taɓawa sam.

Na biyar, ceto yana cika ne da saki. Kunkurun da aka huda wa ƙoƙo aka ɗaure da waya yana jin zafin hujin. Birin da ke jan sarƙa a kasuwa fursuna ne. Kada ka ƙwace dabba daga hannun yara ka mayar da ita abin nuna wa baƙi. Hadisin mai kyanwa yana kanka. In ta warke, ka kai ta inda ta dace, ka juya baya.

Na shida, a bazara ka ajiye kaskon ruwa a gindin bishiya ko kan katanga, kana sauya ruwan kullum don kada sauro ya hayayyafa. Zawiyoyinmu da makarantun allo su fara. Sadaka ce da ko ɗalibin da ba shi da dala zai iya.

Rabon muridi

Imam Ƙushairi ya kawo a Risalarsa cewa Abu Yazidal Bisɗami ya sayi wasu 'ya'yan iri a Hamadan, da ya isa Bisɗam ya ga tururuwa biyu a ciki, sai ya koma ya mayar da su inda ya ɗauko su, tafiyar kwanaki masu yawa. An kuma ruwaito cewa Sayyidi Ahmadur Rifa'i, wanda ya rasu a Iraƙi a shekara ta 578 bayan Hijira, ya samu wani kare mai ƙazuwa da mutanen gari suka kora, ya bi shi bayan gari ya yi masa rumfa, yana shafa masa mai yana ciyar da shi har ya warke. Waɗannan bayin Allah ba su rasa aikin yi ba. Zikiri ne ya tausasa zukatansu har suka daina ganin halitta a ware da Mahaliccinta.

A nan sirrin yake. Idan ka kyautata wa mutum, rai na jiran godiya, ko a faɗa a gari, ko a rama maka wata rana. Bushiyar da ka ciro daga rami ba za ta gode maka ba, za ta dunƙule ta nuna maka ƙaya. Mujiyar da ka yi jinya za ta tashi ba ta waiwayo ba. Babu mai gani sai Allah, babu mai biya sai Shi. Shi ya sa wannan aiki yake cikin mafi tsarkin ma'aunin ikhlasi, kuma yake nuna ko wuridinmu ya sauka daga harshe zuwa zuciya, daga zuciya zuwa hannu. Hausawa na cewa baƙonka Annabinka. Mai rauni da ya shigo garinmu yana gudun ƙishirwa, Ubangijinsa ne Ya bar shi ya iso ƙofarmu, kuma za a tambaye mu yadda muka karɓe shi.

Ina roƙon muƙaddamanmu da malaman allo su riƙa sa wannan a cikin karatu, iyaye mata su gaya wa yara a gida, mu matasa kuma mu zama masu fara cewa a bari.

Ya Allah, don alfarmar Annabin rahama, Ka sanya tausayi a zukatanmu, Ka jiƙan mu da jin ƙan da muka yi wa bayinKa marasa baki. Ka shayar da ƙasarmu da dabbobinmu na gida da na daji, Ka ba mu damina mai albarka, Ka zaunar da Nijar da maƙwabtanta lafiya. Allah Ya ƙara wa shehunanmu yarda, Ya jiƙan iyayenmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu.